Tsamiyar Hurera

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun da fatake ba sa kaiwa, an yi wani sarki mai suna Barmo, wanda birninsa ya cika ya batse har jaki mai kaya ba ya iya juyawa a lungu. Sai ya kira Sarkin Maginansa, Tanimu, ya umarce shi ya tsara masa sabon birni a wani fili mai kurmi da tafki, birnin da za a riƙa ba da labarinsa har bayan ransu.

Tanimu gwani ne, amma irin gwanayen nan da ba a gaya musu. Igiyar awonsa ita ce alƙalinsa. Duk abin da ya tare mata hanya, kuka ce ko gawo ko ɗorawa, gatari ne rabonsa. Ya cike tafkin, ya cike har kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, ya shimfiɗe hanyoyi da farin dutse, aka raɗa wa garin suna Birnin Ƙyalli. Tsamiya ɗaya ta rage, a ƙofar gidan da ya gina wa kansa. Matarsa Hurera ta durƙusa ta ce, "Maigida, don Allah ka bar mini wannan. Ko ba don masu zama cikinta ba, ina zan shimfiɗa tabarma in rana ta take?" Ya ce, "Ta karkatar mini da hanya da taku biyu." Kafin azahar an kwantar da tsamiyar, aljanun da ke cikinta suka gudu kamar na sauran itatuwan da aka sare, suka bi sahun 'yan'uwansu.

Da bazara ta kama, birnin ya zama tanda. Ruwan randa ya koma kamar an sauke shi daga murhu, bangaye suka riƙa amayo zafin da suka sha, iska ta rasa ganyen da za ta bi ta yi sanyi. Zazzaɓi ya ɓarke, jarirai suka fara mutuwa, tsofaffi suka bi su. Da zazzaɓin ya kwantar da Hurera, roƙonta na ƙarshe shi ne a fitar da ita inuwa. Tanimu ya sungume ta ya fito ƙofar gida, bai tarar da komai ba sai kututture. A hannunsa ta cika. Ba a yi sadakar bakwai ba, 'yarsu tilo, Saude, ta kwanta da irin ciwon.

Tanimu ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na kori inuwa daga garinka, ni ya kamata in je bikonta." Sarki ya ce, "Tafi, Sarkin Magina. Kullum sai na ji kuka ta bayan katangar fada, ba ni da abin da zan ce wa talakawana."

Kwana uku yana keta daji, har ya isa wata duhuwa inda rana ba ta taɓa ganin ƙasa ba. Nan ya tarar da Sarauniyar Aljanun Itatuwa a gindin wata tsohuwar tsamiya, gashinta fari kamar audugar rimi, jama'arta da ya kora suna kewaye da ita. Ta dube shi ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ka auna wa doki wurinsa, ka auna wa kasuwa, ka auna wa matattu, mu kaɗai igiyarka ta manta. Me kake nema?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, ran 'yata. Laifin nawa ne, ita ko reshe ba ta karya ba."

Sarauniya ta miƙa masa ƙwarya cike da iri ta ce, "Wannan iri yini ɗaya yake zama itace, amma ba ya tsirowa sai inda mai gini ya rushe gininsa da hannunsa. Cikin kowane gida bakwai ka rushe ɗaya, ka tone tafkin da ka binne. Sharaɗina kuwa, kai da inuwar itace har abada. Duk wanda ka tsaya a ƙarƙashinsa, inuwarsa za ta janye daga kanka." Tanimu bai nemi ragi ba.

Da ya dawo ya kai labari fada, sarki ya yarda, masu gidajen da za a rushe kuwa aka gina musu wasu a gefen gari. Da nasa gidan Tanimu ya fara. Ya ɗora gatari a ɗakin Hurera, ɗakin da ya ƙawata fiye da kowanne, yana sara yana kuka, ba ya ko ɓoyewa. Ya binne ƙwayar tsamiya daga irin Sarauniya a cikin ɓaraguzan, kafin la'asar ta yi rassa ta baza. Aka fito da Saude aka kwantar a gindinta, iska mai sanyi ta ratso ganye, yarinya ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ya matso zai taɓa goshinta, inuwar ta zame daga kansu duka biyu, dole ya ja da baya ya tsaya daga nesa yana kallonta.

Haka ya tone tafkin, ya bi unguwa-unguwa yana rushewa yana shukawa, har kowace ta sami dandalinta mai itatuwa da kududdufinta, zafi ya karye, tsuntsaye suka dawo, makoki ya ragu. Bayan shekara biyu ɗan sarki, Yarima Ashafa, ya nemi auren Saude, ita ma ta nuna tana so.

Ranar kai amarya, gari duka ya taru a inuwar tsamiyar nan, ana kiɗa ana guɗa. Tanimu yana can bakin dandali shi kaɗai, tsufa ya kama shi, rana na dukan tsakar kansa, ya ƙi matsowa don kada ya kore wa mutane inuwarsu. Saude ta hango shi ta ƙarƙashin lulluɓi. Ta sauko daga doki, ƙawaye na riƙo tana fizgewa, ta ratsa taron har inda yake, ta yaye mayafin amarcinta ta ɗaga shi bisa kansa da hannu biyu.

Ya ce, "Haba 'yar nan, rufe kanki, mutane na kallo."

Ta ce, "Su kalla, Baba. Wannan ba ta itace ba ce, ba mai janye ta."

Inuwar ba ta fi faɗin faifai ba, amma Tanimu ya sunkuyar da kai a cikinta, yana kiran sunan Hurera a hankali.