Don Kada A Ce Masa Ɗan Haya

Akwai wani matashi a Sheme mai suna Harisu, wanda ya samu gurbin karatun digiri na biyu a Zariya. Abokinsa Uwais har ya samo masa ɗakin haya kusa da makaranta.

Ana haka, ranar kasuwa kawunsa Sha'ibu ya tare shi a gaban jama'a yana dariya.

"Ga mai digiri nan, za a tahi birni zaman haya! Mu dai zuri'armu ba a taɓa ɗan haya ba."

Aka kwashe da dariya. A Sheme ko bukka ce, taka ce. Wannan kalma ta yi wa Harisu zafi ƙwarai.

Sai wani dillali ya nuna masa gidan sayarwa a bayan garin Zariya, da araha kamar an tsinta. Rani ne. Harisu ya ga baƙar laka ta tsattsage a tsakar gidan irin ta fadama. Ɗan manomi ne, ya san abin da hakan ke nufi sarai, amma ya kau da kai.

Kuɗi kuwa babu, sai gonar da mahaifinsa ya rasu ya bari, wadda mahaifiyarsa Mairo ke ci da ita.

"Harisu, karatun ga ba daɗewa zai yi ba," in ji ta. "Kama haya, in ka ƙare ka ga inda aiki ya kai ka."

"Inna, so kike a riƙa nuna ni ana cewa ɗan haya?"

Ya yi ta naci har da hawaye, har ta gaji ta sayar wa Alhaji Gide gonar. Harisu ya sayi gidan ya tare.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya dawo gidansa na asali, ya mamaye gidan Harisu. Ya ci littattafai, ya ci kwamfutar da bincikensa ke ciki, ya kwantar da katanga. Harisu ya bi dillalai gida-gida yana roƙon a sayi gidan, ko rabin kuɗin ne a ba shi. Babu wanda ya taya. Ƙarshe dai ɗakin hayar da ya raina, shi ya koma.

Ya zo gida Sheme jiki a sanyaye, aka ce Inna na gona. Ya same ta duƙe a gefen tsohuwar gonarsu tana cire ciyawa. Ya ƙarasa wurinta da murna.

"Inna, Alhaji ya maido mana ne?"

Ta ɗago tana share gumi.

"A'a, ɗana. Haya na kama. In an yi girbi in biya shi."

Harisu ya durƙushe cikin kunya ya fashe da kuka.

Darasi: Haya ba abin kunya ba ce, musamman ga ɗalibin da zamansa na ɗan lokaci ne. Kada gorin mutane ya sa ka sayi abin da ya fi ƙarfinka, domin masu dariyar ba su za su biya ba. Ku tura wa duk wani ɗalibi da ke shirin kama wurin zama.