Tukunyar Bushiya a Unguwa Mai Idanu

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku gyara zama, ku amsa da ladabi: ta zo mu ji ta.

A wani gari, kamfanin Hawainiya ya gina sabuwar unguwa. Ƙofofi suna buɗe kansu, fitilu suna kunna kansu, kowane bango kuwa an dasa masa ido, har a madafa. Hawainiya ta ce domin tsaro ne.

Sai Bushiya, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da gona, ta tare a can. Da rumbunta ya ƙare, sai ta bi al'adar masu mutunci: ta ɗora tukunya da ruwa zalla, hayaƙi ya tashi, don kada maƙwabta su san halin da take ciki kafin kaka.

Amma idon madafa ya leƙa tukunyar, ya kai wa Hawainiya labari, ita kuwa ta sayar da shi.

Sai Ɓera mai hatsi ya tsaya a ƙofa yana shela: "Mai gidan da ba a dafa komai, ga gero!"

Sai Zabuwa maƙwabciyarta ta hana 'ya'yanta shiga gidan, wai kada a cinye musu abin hannunsu.

Sai Dila ya shigo ko sallama babu, domin ƙofar ta buɗe masa. Ya ce, "Baiwar Allah, na san yunwa ta kama ki. Ba ni gonar nan a kan kwandon hatsi guda."

Bushiya ta fusata, ta nufi Hawainiya. Ta ce, "Hajiya, wa ya ba ki izinin buɗe murfin tukunyata? Uwar da ta haife ni ba ta taɓa yi ba!"

Hawainiya ta juya ido ɗaya gabas, ɗaya yamma, ta ce, "Ranar da kika karɓi gidan, ai da idanunsa kika karɓa."

Bushiya ta ce, "To, riƙe gidanki. Gonata ba ta sayarwa ba ce, asirina ma haka."

Ta kwashe 'ya'yanta ta koma tsohon raminta mai duhu. Amma abin da ya tonu ya riga ya tonu. Shi ya sa har yau, da zarar an kalli bushiya sai ta dunƙule, ta miƙe ƙayoyinta.

Ku sani, gidan da bangonsa ke kai tsegumi, kasuwa ce aka yi wa rufi.

Ƙurunƙus kan hawainiya!