Takwarar Hajiya Nana Ba Za Ta Yi Baƙi Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan shafi. Yau kwana biyar ke nan wani abu yana cin raina. In ɗora tukunya in manta gishiri, in ta da salla in rasa raka'a nawa na yi. Ni ban yi zurfi a boko ba, ku yi haƙuri da rubutuna, amma don Allah ku karanta har ƙarshe.

Akwai wata baiwar Allah mai suna Zaituna, 'yar Soron Ɗinki, da aka kai ta aure Madabo, gidan su mijinta Salihu mai sayar da atamfa. Zaituna baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi, ga natsuwa, ga iya ɗinki. A wurin uwar mijinta, Hajiya Nana, laifinta ɗaya ne tak, wannan baƙin.

Hajiya Nana fara ce sol. Ba za ki yi minti goma da ita ba ta gaya miki su jinin Fulani ne, a danginsu ba a haihuwar baƙi. Ƙafarta kullum cikin safa, ko da ana zafin da kare ke zaro harshe. Yatsunta kuwa ba sa rabuwa da baƙin lalle. Mutane suna gani, suna shiru.

Mahaifiyar Zaituna ta rasu tun tana ƙarama, don haka da cikinta na fari ya tsufa ba inda za ta je wankan gida. A gidan surukai ta haihu, ta sami 'ya mace. Aka ɗauko 'Yardada, wata dattijuwa da ke yi wa matan unguwa wankan jego, tana zuwa safe da yamma.

Ranar barka ɗaki ya cika da mata. Hajiya Nana ta karɓi jaririya. Ba ta dubi fuska ba, ba ta yi addu'a ba. Kunne ta lanƙwaso, ta matsa bakin taga tana duban gefensa. Kun dai san halinmu, wai gefen kunne shi ke faɗin launin da yaro zai koma.

"Innalillahi," in ji ta. "Ku zo ku ga kunnen nan. Gawayi! An kwaso na uwa."

Wata ta ce, "Kai Hajiya, ai lafiya ita ce gaba."

"Lafiya ai ko akuya tana da ita. Mace ce fa. Nan da shekara ashirin wa zai kwasa?"

Mata suka kwashe da dariya, irin dariyar nan ta marasa aikin yi. Zaituna tana bakin gado, kai a sunkuye, jikinta ko daina zugi bai yi ba. Ta ji komai, ta haɗiye.

Ranar suna Salihu ya mayar wa yarinya da sunan mahaifiyarsa, ake kiranta Ummi. Maimakon Hajiya ta yi murna, sai ta ɗaure fuska.

"Takwarata ba za ta fita yawon arba'in a haka ba," in ji ta. "A shiga da ita dangi a ce wannan ce Nana? Ba da ni ba."

Daga ranar ta ƙwace wankan jaririya. Kullum da safe ta ɗauke ta, ta shige ɗakinta, ta tura ƙofa. In ta dawo da ita sai ka ga yarinya tana ƙyalli, ga wani wari mai hawa kai da ko kusa bai yi kama da man jarirai ba.

Za ku ce uwar tana ina? Tana nan, kunya ta ɗaure ta. 'Yar fari ce. A gidajenmu na cikin birni uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari a gaban surukai. Ba ta kiran sunansa, ba ta rawar jiki a kansa, ko kuka yake sai an ce mata ɗauki ki ba shi. In ta yi magana, a ce ga marainiya nan, ba wanda ya koya mata kunya. Wannan gorin Zaituna take gudu.

Cikin mako guda yarinya ta fara haske. Masu shigowa suna cewa, "Masha Allah, ta washe!" Hajiya tana washe baki kamar ita ta halitta ta.

A mako na biyu wuyan yarinya ya yi ja, fatar bayanta ta fara saluɓewa. Ruwa yana taɓa ta sai ta ƙanƙame jiki ta tsala ihu. Nono ma sai ta kama ta saki.

Zaituna ta jira Salihu ya dawo daga kasuwa, ta kai masa abinci, ta yi ƙasa da murya.

"Yarinyar nan fa jikinta ba daidai yake ba. Man da Hajiya take shafa mata…"

Ko ɗago kai daga waya bai yi ba. "Saɓa take yi, kowane jariri yana yi. Mu takwas Hajiya ta raina, wa kika ji ya mutu? Kada ki haɗa ni da mahaifiyata."

Namiji ke nan. Daga nesa yana gane atamfa ta gaske da jabu, amma fatar 'yarsa tana kwailewa a gabansa, wai saɓa ce.

Ranar da aka yi kwana ashirin da huɗu da haihuwa, da hantsi, 'Yardada ta gama yi wa Zaituna wanka ke nan, Zaituna tana zaune da ɗaurin ƙirji jikinta yana tururi. Sai ta jiyo kukan daga ɗakin Hajiya. Ba irin na kullum ba ne. Ya yi siriri, yana yankewa, kamar na ɗan kyanwa.

Ta ce a ranta in ta tashi, an gama da mutuncinta a gidan nan. Ta sake sauraro. Kukan ya yanke, ya daɗe bai dawo ba.

Ta tashi.

Ta tura ƙofar ba sallama. Hajiya tana zaune da baƙi biyu, ƙawayenta, jaririya a kife a kan ƙafafunta, bayan nan ja-wur yana tsattsafo da ruwa. A gefe ga robar basilin ta jarirai a buɗe, amma abin da ke ciki rawaya ne mai kauri. Hajiya ta lakato shi a yatsa za ta ƙara.

"Hajiya, ba ni 'yata."

Hajiya ta ɗago kai.

"Me kika ce? 'Yarki? 'Yar farin, a gabana, da ɗaurin ƙirji? Lallai an yi asarar tarbiyya."

"Na ji. Ba ni da kunya. Ba ni ita."

Ba ta jira an miƙo ba, ta sunkuya ta ɗauke abarta. Jikin yarinya zafi rau.

'Yardada ta shigo a bayanta, ta ɗauki robar ta sansana, ta kau da kai.

"Nana," ta ce, ko Hajiyar ba ta sa ba, "wannan ai haɗinki ne. Man bilicin kika zuba wa jinjira?"

"Gata nake mata! Ke me kika sani? Mu a danginmu…"

"Rufe min baki da danginku. Ni za ki yi wa jinin Fulani? Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi tallan dafaffiyar gyaɗa a Ƙofar Nassarawa. Kin fi Zaituna baƙi, kuma wallahi a lokacin kin fi yanzu kyau. In ƙarya nake, cire safar nan baƙinki su ga idon sawu."

Hajiya ta janye ƙafa ta cusa ƙarƙashin zani. Ƙawayen nan biyu, da suke zaune suna kallon ana gasa jaririya ba wadda ta ce uffan, sai ga su suna neman takalma.

'Yardada ta yafa wa Zaituna hijabi, ta jefa robar a jaka, suka tari adaidaita sai asibiti.

Nas ɗin da ta buɗe zanin yarinya ta yi salati, ta dubi Zaituna sama da ƙasa.

"Ke ce uwar? Kwana nawa ana shafa mata wannan?"

"Sha bakwai."

"Sha bakwai! Kina ina?"

Zaituna ta buɗe baki za ta ce kunya ce ta hana ta, sai ta ji ba za ta iya faɗar wannan maganar a gaban bayan nan da ya kwaile ba. Ta fashe da kuka kawai.

Likita ta ce ciwon ya fara shiga jini, da an ƙara kwana biyu, sai dai wani zancen. Aka kwantar da su. Salihu ya iso da gudu yana tambayar me ya faru, kamar ba a gaya masa ba. Da la'asar Hajiya ta zo, ta tsaya a baranda tana bin likitar da roƙo, "Don Allah 'yata, ki taimaka." Likitar nan kuwa ta fi Zaituna baƙi. Ba wanda ya ji Hajiya ta kira ta gawayi.

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Allah Ya raya Ummi, amma tabo ya zauna a wuyanta da bayanta, likita ta ce da wuya ya ɓace duka. Launinta kuwa ya dawo yadda Mai ita Ya yi ta, baƙa kyakkyawa.

Ranar sallama Zaituna ta ce wa mijinta, a gaban ƙannensa, "Ni da Ummi ba za mu koma ɗakin nan ba." Ta kira sunan ƙarara. Salihu bai yi musu ba, bakinsa ya mutu tun ranar da ya ga bayan 'yarsa. Ya kama musu ɗaki biyu a wata unguwa.

Hajiya Nana kuwa, labari ya riga ta zaga Madabo. Yanzu in ta shiga gidan barka, sai ka ga kakar jariri ta ja zani ta rufe shi. "Ayya Hajiya, yanzun nan ya yi barci." Ana miƙa wa kowa, ana tsallake ta. Rannan ta yi ƙarfin hali ta miƙa hannu, wata yarinya mai jego ta dube ta ta ce, "Hajiya, an dai wanke hannun ko?" Tun daga nan ta daina zuwa. Jikoki tara gare ta, ba uwar da ke barin nata shi kaɗai da ita.

Darasi: Wanda ya raina launin da Allah Ya yi mutum da shi, aikin Allah ya raina. Muna zagin Turawa wai suna ƙyamar baƙar fata, alhali mu muke lanƙwasa kunnen jariri tun bai buɗe ido ba, mu muke gaya wa 'ya mace darajarta a fatarta take. Tir da wannan hali. Ke kuma uwa, kunyar da za ta sa ki zuba ido ana cutar ɗanki ba tarbiyya ba ce, ki ajiye ta ki yi magana. Ku tura wannan ga duk mai jego da duk kakar da kuka sani.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na je gidanta na tarar 'yarta mai shekara uku ta yi wani irin haske, gwiwoyi da yatsu baƙi ƙirin. Na ja ta gefe na ba ta labarin nan kaf. Ta ce min baƙin ciki nake yi don nawa 'ya'yan baƙaƙe ne. Mijinta bai sani ba, kuma mutum ne mai zafin zuciya, in na gaya masa yana iya ba ta takarda, ga yara huɗu. In na yi shiru kuma, ban fi ƙawayen Hajiya da suka zauna suna kallo ba.

'Yan uwa, ku gaya min tsakani da Allah, in je wurin mijin ko kada in je?