Kurciya da Ƙarar Turmin Tasalla

Yara, ku matso ku ji dalilin da ya sa kurciya ba ta jin ƙarar daka ta zauna lafiya.

A da can, babu abin da Kurciya ke tsoro kamar ƙarar turmi. Da ta ji dum, sai ta yi daji. Wata rana shaho ya kawo mata sura, ta kuɓuce da karyayyen fiffike, ta faɗo tsakar gidan wata tsohuwa mai suna Tasalla. Tsohuwar ta ɗaure mata fiffiken da zare, ta ajiye ta a kwando dab da turmi.

Da safe Tasalla ta zuba gero ta ɗaga taɓarya. Kurciya ta maƙure a cikin kwando.

"Inna, kashe ni za ki yi?"

"Haba 'yar nan, abinci ne ke zuwa."

Da ta gama, ta miƙa mata tsaba cikin tafin hannu. Gobe haka, jibi haka: daka tukuna, tsaba ta biyo baya. Kafin kwana goma, da taɓarya ta sauka sai maƙogwaron Kurciya ya fara motsi, tun ba ta ga ko ƙwaya ɗaya ba. Ko da ta warke ta yi sheƙa a kan tsamiyar bayan gari, ƙarar nan ce ke sauko da ita kullum. Ta ci, ta zauna a gefen zanen tsohuwar, su yi ta hira har rana ta yi zafi.

Ana nan sai rijiyar garin ta ƙafe. Tasalla ta zo gindin tsamiya da turminta a ka.

"'Yar nan, gari ya tashi. Taso mu tafi."

"Inna, ina kan ƙwai. Ba zan iya barinsu ba. Wane gari za ku?"

"Inda ruwa yake, ni ma ban sani ba. Amma duk inda muka sauka zan yi daka. In kin ji, ki zo."

Da 'ya'yan suka yi fiffike, Kurciya ta kwashe su suka bi sawu, amma iska ta riga ta share shi. Can ta jiyo daka daga gabas. Ta je ta dira gaban turmin. Wata amarya ce, ta kore ta da faifai. Ta jiyo wani daga kudu, ta je. 'Yan mata ne uku suna lugude, ba wadda ta dube ta.

Ƙaramar 'yarta ta ce, "Uwa, kin san ba ita ba ce. Wannan dakan ya yi sauri, ba na tsohuwa ba ne."

"Na sani," in ji Kurciya. "Kafin in tuna, fiffikena ya riga ya tashi."

Haka ta tsufa tana bin turame gari gari, ba ta sake ganin Tasalla ba. 'Ya'yanta kuwa, da suka saba tashi duk lokacin da ta tashi, suka ci gaba, jikoki ma suka gada, ba su ma san wa ake nema ba.

Shi ya sa har gobe, in uwarku ta fara daka, za ku ga kurciya ta sauko nesa kaɗan. Ba ta fara tsince tsaba nan take. Sai ta karkata kai ta dubi fuskar mai dakan da ido ɗaya, ta juya ta duba da ɗayan, sannan ta koma kan reshe ta yi ta kuka a hankali.