Mai Tumatir da Maƙwabciyarta Mai Kifi

Akwai wata mace mai sayar da kayan miya a babbar kasuwar wani birni, ana kiranta Maman Iliya. Tumatir da tattasai da albasa take kasawa a kan tebur, da su take ciyar da 'ya'yanta tun da mijinta ya rasu.

Ana nan sai wata matashiya 'yar ikilisiyarsu, mai suna Rifkatu, ta sami wuri a gefenta, ta fara sayar da busasshen kifi. Maman Iliya ce ma ta ara mata benci, ta koya mata yadda ake haƙuri da masu taya kaya da wulaƙanci.

Kifin Rifkatu mai kyau ne, fuskarta a sake, ba ta kuma ƙyashin yin gyara. Kafin damina ta zagayo, layinsu ya cika maƙil da mata masu kwanduna, masu tura baro suna ta ihu a ba su hanya. Rifkatu ta ƙara tebur, ta sayi babbar laima. Ita ma Maman Iliya kayanta sukan ƙare tun da sauran rana, amma ba ta lura ba, gama idonta yana kan teburin maƙwabciyarta. Duk wanda ya kira sunan Rifkatu, sai ta ji kamar an soke ta. Wata ran Lahadi, da Rifkatu ta fito yin godiya a majami'a cikin sabon zane, kowa yana waƙa ban da Maman Iliya. Ta ce a ranta, "Yarinyar da ta zo jiya, ko ƙulla leda ba ta iya ba, yau ita ce a gabana?"

Sai ta tashi ta tafi wurin sarkin kasuwa a ɓoye, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, kifin yarinyar nan ya hana mu sakat. Ga ƙudaje, ga ƙarni, masu saye gudunmu suke yi." Sarkin kasuwa ya gaskata ta, ya sa aka mai da Rifkatu can ƙofar kasuwa, kusa da tashar mota.

Rifkatu ta kwashe kayanta tana share hawaye. Ta kawo bencin ta ce, "Mama, ga bencinki, na gode. Ban san wanda na yi wa laifi ba. Ki riƙa sa ni a addu'a."

Maman Iliya ta ce, "Allah ya sa hakan ne alheri, 'yata." Ranta kuwa fari ƙal.

Kashegari ta kasa tumatir har a wurin da Rifkatu ta bari, ta zauna tana jira. Layin ya yi tsit. Rana ta take, tumatir ya fara laushi. Haka aka yi ta yi. Ran nan ta hango wata mai gidan abinci da ta saba saye a wurinta tana wucewa da sauri, ta ƙwala mata kira, "Uwar ɗakina, lafiya kika daina zuwa? Ko na yi laifi ne?"

Matar ta ce, "Babu laifi, Maman Iliya. Ai dā ma kifin ne yake kawo mu layin nan, sai mu haɗa da kayan miyarki. Yanzu mai kifi tana bakin tasha, akwai mai tumatir kusa da ita. Me zai sa in ratso kasuwa duka?"

Maman Iliya ta bi ta da kallo har ta ɓace. Da yamma ta ɗauki kwandon tumatir da ya ruɓe, ta kai shi bola da kanta.

Ku ji ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Kasuwar ita ce duniyar da muke neman abinci a ciki. Rifkatu ita ce ɗan'uwanka wanda Ubangiji ya sa wa albarka a gaban idonka. Sau da yawa ta hannunsa Allah yake aiko maka da rabonka, amma hassada ta rufe maka ido, sai ka ga ƙaruwarsa ita ce raguwarka. Wataƙila ba ka taɓa kai ƙarar kowa ba. Amma akwai wanda in an yabe shi ranka yakan ɓaci, ka kuwa san sunansa. Kada ka bar majami'ar nan yau sai ka tuba, ka gode wa Allah dominsa, ka roƙa a ƙara masa.