Reshen Mangwaro a Gidan Jikan Ɓarawo

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi, yana da bishiyar mangwaro guda da ya gāda daga mahaifinsa. 'Ya'yanta ba zare, ba tsami, zaƙi kamar zuma. Mutumin nan kuwa akwai alfahari da asali. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ya tambayi sunan kakanka kafin ya amsa da kyau.

"Komai jini ne," in ji shi kullum. "Mutum da bishiya duk ɗaya."

A ƙarshen gari akwai wani manomi, jikan ɓarawon shanu. Kakan ya mutu tun ba a haife shi ba, amma sunan ya ƙi mutuwa. Wata rana mai lambu yana rage rassan bishiyarsa, sai manomin ya zo ya durƙusa.

"Baba, a taimake ni da reshe ɗaya cikin waɗannan da aka yar."

Mai lambu ya dube shi sama da ƙasa. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yau reshe, gobe lambun duka. Tashi ka ba ni wuri!"

Ana nan, gara ta shiga bishiyar, ta cinye ta har ta faɗi. Mai lambu bai damu sosai ba, gama ya riga ya shuka ƙwallayenta a layi. Ai jini ɗaya ne! Ya yi ta ban ruwa shekara da shekaru. Ran da suka fara 'ya'ya ya tara maƙwabta, ya tsinko ɗaya ya gatsa a gabansu. Sai ga zare cike da haƙora, ga tsami har kunne. Ya bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya, duk haka suke. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, domin zaƙin gidan mahaifinsa ya ƙare a hannunsa.

Ran wata kasuwa aka miƙa masa yankin mangwaro ya ɗanɗana. Yana kaiwa baki ya daka tsalle.

"Ita ce! Wallahi... kai, Allah ya gafarta mini, ita ce! Daga wane lambu?"

Aka nuna masa ƙarshen gari. Tsoho ya tattare riga ya ruga, hula ta faɗi bai waiwaya ba. Ya faɗa gidan manomin ko sallama babu, ya tarar da bishiya ta yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Farin ciki ya kama shi, amma tsohon hali ya riga shi magana.

"Na faɗa! Sata ka yi!"

"A'a, Baba. Uwargidanka ce ta ba ni a ranar, daga cikin rassan da ta tara don hura wuta. Na tsaga ɗan mangwaron bakin hanya, mai tsamin nan da ko yara ba sa jifa, na sa reshen a ciki, na ɗaure. Aure ke nan na yi masa. Dubi wurin."

Mai lambu ya sunkuya. A jikin bishiyar, daidai gwiwa, akwai wani kumburarren tabo. Ya san tabon nan! Bishiyar mahaifinsa ma tana da irinsa, a kansa yake ɗora ƙafa ya hau tun yana yaro. Ashe bishiyar da yake taƙama da asalinta, saiwarta ta bakin hanya ce. Shi ya sa ƙwallayenta ba su gāji zaƙin ba.

Sa'an nan ya durƙusa, kamar yadda aka taɓa durƙusa masa.

"Ɗana, a taimake ni da reshe ɗaya."

Manomin ya yi dariya, ya ɗauko wuƙa. "Ɗaya kawai, Baba? Tashi mu je, duk layin nan naka za mu yi wa aure."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: saiwa mai tsami mu ne, dukanmu, har da mu da muka tashi a gidan masu bi. Reshe mai zaƙi shi ne sabon rai da Yesu Almasihu yake dasawa a cikin mutum saboda alherinsa. Ba a gādonsa ta jini. Bangaskiyar mahaifinka ba za ta tsiro a cikinka don kawai sunansa kake amsawa ba, laifin kakan wani kuma ba zai hana Ubangiji aiki a cikinsa ba.

Ni dai na sha jin ana raɗa a bakin ƙofar majami'a: "Kun san 'yan gidan su wane ne?" Har a zaɓen dattawa ana tono kaburbura. Ku bar matattu su huta! Kafin ka tambayi asalin ɗan'uwanka, sunkuya ka dubi naka tabon. Mutumin da ka kora jiya, wataƙila a hannunsa Allah ya ajiye abin da zai rayar da gidanka.