Askar Jatau

A zamanin da, an yi wani sarki mai zafin rai, wanda mutanen Kurmin Dila suka ƙi aiko wa da dakaru ranar yaƙi. Waziri, wani mugun tsoho mai zaƙin baki, ya ba shi shawara: duk jaririn da aka haifa a garin nan, kada a yi masa zanen gidan ubansa, a tsaga masa alamar bayi a kumatu. Kai, Allah wadaran wannan shawara! Ɗan kwana bakwai, yaushe ya ƙi zuwa yaƙi?

Sarki ya mai da ita doka, aka ɗora aikin a kan Jatau, Sarkin Aska, wanda ya shekara talatin yana yi wa sarki aski kowace Juma'a. Ran Jatau ya ɓaci har ya kasa cin tuwo. Matarsa ta ce, "Maigida, mu gudu mana."

Ya ce, "In je ina? Birnin nan ya haife ni, ya ciyar da ni. Ba na gudu, ba na kuma tsagawa."

Ran Juma'a ya shiga fada, ya wasa aska, ya jiƙa wa sarki kai, ya aske tas. Ya gyara gemu har ƙasan maƙogwaro, zuciyarsa na tafasa. Da ya gama sai ya ajiye askar a gaban sarki, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ba zan taɓa 'ya'yan Kurmin Dila ba."

Waziri ya zabura: "Tawaye! A sare shi!"

Jatau ya dube shi a fusace. "Waziri, ɗan tawaye ne zai riƙe aska a wuyan sarki ya ajiye ta? Ranka ya daɗe, wuyana naka ne, ga shi. Amma zanen da ke kumatunka ubana ya yi maka shi, don a san ɗan wa kake. Da wane hannu zan hana ɗan wani?"

Sarki ya shafa kumatunsa. Can ya soke dokar, ya kori waziri daga garin. Jatau kuwa aka tuɓe masa rawani, don ya ƙi umarni a bainar jama'a. Ya miƙa shi da hannu biyu, ya koma gida.

Da Juma'a ta zagayo, wanzamai bakwai suka yi layi a ƙofar fada. Sarki ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya shafa wuyansa, ya ce, "A kira mini Jatau."